Yadda Za Ka Zauna a Gidan Alhaji Ka Fita da Mutuncinka

Abu na farko da mai neman gidan haya yake buƙata shi ne dillali, kuma shi kaɗai ne zai samu ba tare da wahala ba. Je ka teburin mai shayi a Ɗorayi ko Hotoro ko Rijiyar Zaki cikin Kano, ka zauna, ka ce wa na kusa da kai ƙasa-ƙasa kana neman ciki da falo. Kafin shayinka ya huce mutum uku sun zama dillalai, cikinsu har da mai shayin. Kowannensu ya san wani, wanda ya san wani, wanda makullin yake hannunsa, kuma duk wanda ya taka ƙafa ya raka ka yana da kaso a la'ada. Saboda haka ka riƙa ƙirga kawuna tun daga lungun farko. In kun tashi ku biyu kun isa ƙofar gidan ku shida, ka tabbata aljihunka ne ya yi farin jini.

Dillali ba ya ƙarya, sai dai ba ya ƙarasa magana. In ya ce gidan a bakin titi yake, gaskiya ne, idan dare ya tsala ana jiyo kukan tirela daga nesa. In ya ce akwai ruwa, tambaye shi a ina: a famfo, a rijiya, ko a tsakar ɗaki cikin watan Agusta? In kuwa ya ce "saura ɗan gyara kaɗan," ka tafi da shirin kallon taurari daga uwar ɗaka. Za ka biya kuɗin gani, ka biya na adaidaita zuwa da dawowa, ko gidan ya yi maka ko bai yi ba. A Abuja da Legas har an mayar da abin tsari: kashi 10 cikin 100 na ejan, wani kashi 10 na lauyan da ba za ka taɓa ganin fuskarsa ba, sannan kuɗin ajiya saboda abin da ba ka riga ka fasa ba.

Ka ba dillali haƙƙinsa, don ya yi yawo a rana. Amma kuɗin hayar kansa kada ya ratsa ta hannunsa sai ka ga mai gida ido da ido, ko wakilin da maƙwabta da mai unguwa suka shaida. An sha ganin ɗaki ɗaya mai masu rasit uku, kowa ya iso da a-kori-kurarsa rana ɗaya, katifa ta ci karo da katifa a soro, dillali kuwa waya a kashe, an ce ya tafi ta'aziyya ƙauye.

Lokacin duba gida shi ne damina. Da rani kowane gida na kirki ne. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma ba su ce zai gaya maka ba. Ɗaga kai ka dubi silin, in ka ga zane-zane masu ruwan ƙasa kamar taswirar ƙananan hukumomi, kowace ƙaramar hukuma bokiti ɗaya ce. Dubi bango daga waje. In an yi sabon fenti daga ƙasa zuwa ƙugu kawai, ba ado ba ne, iyakar inda ruwan bara ya tsaya ke nan. Bi kwata ka ga inda ta nufa. Leƙa banɗaki, ka ƙirga ɗakunan da ke gidan, ka ninka da biyar, sa'an nan ka yi tunanin ƙarfe shida na safiyar Litinin. Tambayi 'yan garuwa nawa suke sayar da jarka a wannan layin, da nawa take komawa a watan Afrilu, domin kuɗin ruwa haya ce ta biyu da ba a rubuta ta a ko'ina. Daga nan sai mita. In mai kati ce, ka yi hamdala, amma ka bincika ko akwai tsohon bashi a kanta, kada ka sa katin dubu biyar a ba ka wutar dubu biyu, sauran ya tafi biyan guga da sanyin firjin wani bawan Allah da ya tashi tun shekaru uku. In babu mita sai takardar ƙiyasi, ka nemi ta watan ƙarshe ka ɗauki hotonta a gaban mai gida ranar da ka karɓi makulli, ka haɗa da hoton kowace kusurwar ɗakin.

Kana cikin duba gida, ka sani kai ma ana duba ka. Alhaji zai kalle ka daga hula zuwa takalmi ya ce, "Malam, kana da iyali?" In ka ce a'a, magana ta ƙare, ba ya ba tuzuru gida. In ka ce e, sai ya ce yara nawa. In ka ce shida, ya ce za su cika masa masai su zane masa bango. Ɗan hayan da Alhaji yake mafarki mai mata ɗaya ne, ba ɗa ba baƙo, ba ya girki da itace, ba ya dawowa bayan isha'i, yana biyan shekara biyu gaba, kuma in son samu ne a wani gari yake kwana. Wannan duk abin dariya ne har sai an zo kan mace. Bazawara mai 'ya'ya uku da sana'arta, ko ma'aikaciyar jinya da aka turo aiki garin da ba ta da kowa, sai ta zaga unguwa biyar da kuɗinta a jaka ana ce mata ta zo da miji ko wa. Wasu har aron ɗan'uwa suke yi ya tsaya a matsayin mai kama gidan. Ban ga abin da wannan yake karewa ba. Wanda zai ɓata gida zai ɓata shi ko da mata huɗu.

To, an yarda da kai. Yanzu aka zo wurin da yawancinmu muke faɗuwa, wato takarda. Za ka ce, "Ranka ya daɗe, ko za mu ɗan rubuta?" Alhaji zai ɓata rai ya ce, "Haba ɗana, ai mun zama ɗaya. Ni da mahaifinka sahu ɗaya muke sallah." Kunya za ta kama ka, ka ji kamar ka zagi dattijo. Ka daure. Ka sunkuyar da kai, ka yi murmushi, ka tuna masa cikin ladabi cewa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma waɗanda aka fara yi wa umarnin sun fi ku zama ɗaya. Ba a taɓa jin Alhajin da ya iya amsa wannan ba. Iyakarsa ya ce, "Kai, yaran zamani," ya aika a sayo biro.

Abin da za a rubuta ba shi da yawa, ko a bayan takardar makarantar yara zai shiga. Nawa ne kuɗin, daga wace rana zuwa wace rana, wa zai gyara kwano in ya yi yoyo, wa zai kira masu kwashe masai in ya cika, wata nawa za a sanar da kai kafin ƙari ko tashi, da abin da za a yi da kuɗin ajiya. Kada ka manta ka tambaya da wace shekara ake lissafi. Shekarar Musulunci ta gaza ta Bature da wajen kwana 11, kuma akwai masu gidan da ba sa tuna watan Muharram sai ranar karɓar haya. Ka ga ke nan in ka yi shekara 33 a gidan, Alhaji ya ci shekara guda cur a kanka ba tare da ya ƙara ko kwabo ba. Shaidu biyu su sa hannu, kowa ya riƙe kwafinsa. Duk biyan da ka yi ka karɓi rasit. In ta waya ka tura, rubuta a wurin bayani cewa kuɗin haya ne na shekara kaza, kada wata rana a ce gudummawar bikin Hajiya ƙarama ce ka bayar.

Sauran abin da ya rage shi ne ka nemo kuɗin. A nan ne hikimar ƙasarmu ta fito fili: albashi wata-wata, haya shekara-shekara. Ma'aikacin da mafi ƙarancin albashinsa ya koma naira 70,000 a 2024 ana so ya tara na wata goma sha biyu ya dire a tabarmar Alhaji rana ɗaya, wani wurin ma na shekara biyu. Hukumomi sun lura. A 2011 Gwamna Babatunde Fashola ya sa hannu a dokar haya ta Jihar Legas, wadda ta hana karɓar fiye da kuɗin shekara ɗaya daga sabon ɗan haya, ta kuma wajabta ba da rasit. Sai dai an cire Ikoyi da Victoria Island da Apapa da Ikeja GRA daga cikinta, wataƙila don kada a takura wa masu kuɗi su biya kaɗan. A 2022 Sanata Smart Adeyemi ya kawo ƙudirin da zai sa a koma biyan wata-wata a Abuja, aka yi ta tafi, mutanen Nyanya da Kubwa kuwa har yau shekara suke biya. 'Yan'uwanmu na zangon Nima a Ankara da na Kumasi, can ƙasar Gana, sun riga mu ganin irin wannan. Dokar haya ta Gana tun ta 1963 ce, ta ce kada a karɓi fiye da na wata shida gaba, amma je ka nemi ɗaki ka ji, shekara biyu za a ce maka, in ka kawo zancen doka a nuna maka hanya. Don haka ka san dokar, amma ka shiga adashi.

Ka tare. Barka da zuwa gidan yawa, inda za ka koyi siyasar da ba a koyarwa a Jami'ar Bayero. Akwai jadawalin shara da wankin banɗaki, wanda kowa ya haddace ranar maƙwabcinsa ya manta tasa. Akwai igiyar shanya, wadda ta raba zumuncin da ya fi shekara goma. Akwai taron rabon kuɗin wuta, inda ake ƙirga ƙwan fitila da fanka ɗaki-ɗaki, kowa ya rantse ba shi da dutsen guga alhali kowa yana fita da kaftani a goge sumul, har ranar da wayar gidan ta kama da wuta aka gano hita bakwai a ƙarƙashin gadaje. Shawarata a nan gajeriya ce. Ka biya kasonka da wuri kuma a gaban jama'a. Ranar Asabar ɗin ƙarshen wata da ake tsaftar muhalli a Kano, ka fito da tsintsiya ko da ba za ka yi shara ba, a dai gan ka. In yara sun yi faɗa kada ka shiga, domin kafin la'asar sun shirya suna wasan langa, ku kuwa iyaye sai ku shekara ba gaisuwa. Janaretarka kada ta kwana a bakin tagar Maman Ummi. Hayaƙinta yana kashe mutane a cikin barci, wannan ba raha a ciki.

Akwai kuma abubuwan da ɗan haya yake yi da sunan "ai na biya kuɗina." Ka biya kuɗin zama ne, ba ka sayi gidan ba. Ƙanin matarka da ya zo kwana biyu neman aiki, ya kira abokinsa, abokin ya kira nasa, har soro ya koma masauki ana karɓar ɗari biyar-biyar, wannan haya ce a cikin haya, kuma sai da izinin mai gida. Haka girka injin markaɗe a tsakar gida, ko fasa bango a fitar da shago, ko kiwon tumaki shida a gidan da aka ba ka don mutane. Malaman fiƙihu sun ce gidan amana ne a hannunka. Abin da ya tsufa don kansa, kamar fentin da ya koɗe ko kwanon da ya yi tsatsa, ba a binka. Abin da ka lalata da ganganci ko sakaci, kamar ƙofar da aka ɓalle ranar da makulli ya ɓata, naka ne.

Kada kuma zumuɗi ya ɗebe ka ka shiga gyaran gidan mutane. Kayan aro ba ya rufe katara. Ka sa tayil, ka yi silin na zamani, ka ja famfo har kicin, Alhaji zai zo ya zaga yana sa maka albarka, ya ce bai taɓa samun ɗan haya irinka ba. Shekara na zagayowa zai aiko a gaya maka gida mai tayil ba a ba da shi a tsohon farashi. In gyaran ya zama dole, ku rubuta tun kafin a sayo siminti cewa za a cire daga kuɗin haya, ka ajiye rasit ɗin kowane buhu.

Ranar biya za ta zo, kuma ba mamaki ta same ka ba ko sisi. Akwai dabarun da magabata suka bari. Akwai sauya masallacin asuba. Akwai fita ta ƙofar baya da takalmi a hannu. Akwai koya wa yaro ya ce Baba ba ya nan, sai dai yaro yakan ƙara da "ya ce in ce." Akwai "na tura, netwok ne," wadda takan yi kwana uku kafin ta mutu. Duk na san su, kuma babu wadda ta kai ka je da ƙafarka tun saura wata guda ka ce, "Alhaji, ga rabi, sauran ƙarshen watan gobe in Allah ya yarda," sa'an nan ka cika. Ka tuna ba kowane mai gida ne Alhaji mai tumbi da gidaje goma ba. Da yawa gidan marayu ne, ko na tsohuwar da mijinta ya rasu ya bar mata ɗakuna huɗu, ko na ɗan fanshon da ya zuba giratutinsa duka a bulo. Kuɗin da kake wasan ɓuya da shi, shi ne kuɗin makarantar wani da maganin hawan jinin wata.

Wata rana kuma, ko kana biya ko ba ka biya, za a yi sallama a ce Alhaji yana son gidansa, ɗansa zai yi aure. Kada ka yi mamaki in ɗan yana aji uku a firamare. Auren ɗan mai gida yakan taso ne daidai lokacin da wani ya yi tayin ninki biyu. A nan ne takardar da ka sha kunya a kanta za ta yi maka rana. In kun rubuta wa'adin sanarwa, shi za a bi. In ba ku rubuta ba, doka ta yanka nata. A Abuja da Legas mai biyan mako-mako notis ɗin mako guda ne, mai biyan wata-wata wata guda, mai biyan shekara-shekara wata shida, sauran jihohi kowace da dokarta amma ba su yi nisa da juna ba. In wa'adin ya cika ba ka tashi ba, sai a sake ba ka takardar kwana bakwai cewa za a kai ka kotu. Alƙali ne kaɗai zai ce a fitar da kai, kuma ma'aikatan kotu ne za su fitar. Cire ƙofa, yaye kwano ana tsakiyar damina, yanke wuta, kulle rijiya, turo 'yan daba su watso kaya waje, duk laifi ne da zai iya mayar da mai gida wanda ake ƙara. Caji ofis ma ba wurin karɓar haya ba ne, Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum kan saɓanin yarjejeniya kawai.

Kafin ka fara taƙama a majalisa, ga abin da lauyoyin bakin titi ba sa faɗa. Wata shidan nan ba kyauta ba ne. Duk daren da ka kwana a gidan ana binka kuɗinsa, kuma kotu za ta lissafa. In kuma yarjejeniyarku ta ce daga rana kaza zuwa rana kaza ne, ranar na cika haya ta ƙare da kanta, abin da ya rage maka kwana bakwai ɗin nan ne. Wanda ya tara bashin haya kuwa ya rage wa kansa ƙarfin baki a gaban kowane alƙali.

In Alhaji ya riga mu gidan gaskiya, ka je ta'aziyya, ka yi addu'a, ka koma ka nemo rasit ɗinka. Kafin sadakar bakwai magada za su fara zuwa ɗaya bayan ɗaya, kowa yana cewa shi ne babba, a hannunsa za a riƙa biya. Kada ka ba kowa sai sun haɗu sun nuna wakili a rubuce, ko kotu ta raba gado. A mazhabar Malikiyya mutuwar mai gida ko ta ɗan haya ba ta warware haya, sayar da gidan ma haka, wanda ya gada ko ya saya zai jira wa'adinka ya cika. Idan kuma zuciyarka ta yi ƙunci da zaman gidan wani, ga abin sanyaya rai. Tun Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, zamanin mulkin soja na Obasanjo, ƙasar kowace jiha tana hannun gwamna ne a matsayin amana. Takardar mallakar da Alhaji yake ɓoyewa a ƙasan akwati izinin zama ce, yawanci na shekara 99, kuma ana binsa kuɗin ƙasa duk shekara. Wato shi ma ɗan haya ne, wa'adinsa ne ya fi naka tsawo. Ka riƙe wannan a ranka. Kada ka gaya masa, musamman ranar da ka je roƙon a ɗaga maka ƙafa.

Ranar tashi ka share ɗakin, ka toshe ramukan ƙusa, ka biya kason wutarka na ƙarshe, ka ɗauki hoton kowace kusurwa. Ƙwan fitilar da ka saya naka ne, amma soket da kan famfo da sakatar banɗaki ka bar su, an san masu kwancewa. Ka miƙa makulli hannu da hannu a gaban shaida, kada ka bar wa yaron maƙwabta, in ba haka ba a lissafi kana ciki har yanzu. Sa'an nan ka gyara murya ka tambayi kuɗin ajiyarka. Alhaji zai sa tabarau ya zaga ɗakin a hankali, ya gano tsagar da ta girme ka, ya shafa bango ya dubi yatsansa ya girgiza kai. Ka fito da hotunan ranar da ka shiga, ka nuna masa tsagar tana nan tun lokacin. Zai yi shiru, ya yi gyaran murya, ya ce babu komai, ai mun zama ɗaya, ka dawo bayan Sallah. Ka yi godiya, ka tambaye shi ƙarama ko babba, kuma ta wace shekara.